A Buɗe Akwatin Kafin A Biya Kuɗin Kwamfuta

Duk wanda ya ratsa unguwar Hammadu Kafi ta birnin Gombe a lokacin neman shiga manyan makarantu, ba zai rasa ganin samari da 'yammata tsaitsaye a ƙofar shagunan buga takardu ba, kowa da ambulan a hannu. Wannan yana so a kwafa masa takardar haihuwa, wancan a ɗauke shi hoton fasfo, waccan kuma a buga mata takardar da ke nuna cibiyar da za ta zauna jarrabawar JAMB. Tun da aka mai da Gombe babban birnin jiha ran 1 ga watan Oktoba, 1996, gari yake ta faɗi, unguwannin gefe suna cika. Aka buɗe Jami'ar Jihar Gombe a 2004, aka kafa ta Tarayya a Kashere a 2011. Ko'ina makaranta ta sauka kuwa aikin takarda yana biye da ita, har ya zamana shago ɗaya mai kwamfuta biyu da firinta da ɗan janareto ya isa ya ci da gida guda.

To, a irin waɗannan shaguna ne wani al'amari yake yawan aukuwa, a Gombe da Bauchi da Kano da sauran garuruwa, wanda ya kamata a yi magana a kansa. Mai shago ya ga tsohuwar kwamfutarsa ta gaji, in an kunna ta sai an sha shayi an gama kafin ta farka. Ya yi ta tari, wataƙila ma sai da ya ɗauki adashi, sa'an nan aka ba shi shawara cewa ya bar sayen wadda kamfani ya haɗa, ya sa a haɗa masa tasa, domin ta fi araha kuma ta fi ƙarfi. Shawarar ba laifi. Ya aika kuɗi Kano ko Legas, ko kuwa ya kai wa wani mai haɗawa a cikin gari. Bayan 'yan kwanaki sai ga baƙin akwati mai gilashi a gefe, fankoki suna juyawa da fitilu ja da shuɗi, ƙanshin kwali bai ma bar jikinsa ba. Maƙwabta suka zo suka yi Allah ya sanya alheri. Da aka zo ɗora mata Windows 11, sai rubutu ya fito a allo cewa wannan kwamfuta ba ta cika sharuɗɗan da ake bukata ba. Ana murna, sai ga jiki ya yi sanyi.

Kafin a shiga dalilin wannan ƙi, ya kamata mai karatu wanda ba sana'arsa ba ce ya san abin da ake rigima a kansa. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tuƙa ta, ita ce ke haɗa allo da madannai da firinta da intanet, sauran manhajoji kuwa a bayanta suke hawa, kamar fasinjoji a mota. Wadda ta fi yawa a shaguna da ofisoshin Nijeriya ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Kamfanin ya fito da Windows 10 ran 29 ga watan Yuli, 2015, ya fito da Windows 11 ran 5 ga watan Oktoba, 2021, sa'an nan ran 14 ga watan Oktoba, 2025, ya janye hannunsa daga kula da Windows 10 kyauta. A ranar ce kuma ya daina kula da Office 2016 da Office 2019, waɗanda da su ake buga wasiƙu da kundayen ɗalibai a shaguna da yawa.

Janye hannu ba ya kashe kwamfuta. Washegari ta tashi kamar kullum, ta buga takarda, ta shiga intanet, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauka maganar duk hayaniyar 'yan kasuwa ce. Abin da ya tsaya shi ne facin da kamfanin yake aikowa kowane wata domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa. Gida ne da aka sallami maigadi, katanga kuma tana tsagewa ba mai liƙewa. Wanda yake ganin wasa ne, sai ya tuna da watan Mayu na 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe wajen 150, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya aiko da facin wannan ƙofa tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda facin bai kai gare su ba.

Wani zai ce ina ruwan ɓarawon intanet da ɗan shagon Hammadu Kafi, ai sai manyan bankuna. To, a leƙa cikin kwamfutar shagon a gani. Akwai hotunan fasfo na rabin unguwa. Akwai takardun lambar zama ɗan ƙasa da aka kwafa aka manta ba a goge ba, da lambobin BVN, da takardun sakamako, da takardun filaye, da wasiƙun neman aiki masu ɗauke da sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambar wayarsa. Tun da aka buɗe shafin neman rancen karatu na Gwamnatin Tarayya a watan Mayu na 2024, ɗalibai da dama a irin waɗannan shaguna suke cika takardunsu, har da lambar asusun banki. Dattijon da bai iya latsa waya ba yakan faɗa wa yaron shago kalmar sirrinsa da baki, yaron kuma ya bar kwamfuta ta riƙe ta don kada a sha wahala gobe. Duk wannan amana ce aka ba mai shago, ko ya sani ko bai sani ba. Hukuma ma ta san da haka, domin a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Saboda haka zancen wace Windows ce a kan kwamfutar shago ya wuce zancen ado ko bin yayi.

Idan sabuwar kwamfuta ta ƙi karɓar Windows 11, ɗayan abu biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazarar dubban nairori.

Na farko shi ne mai sauƙi, watau kayan sababbi ne da gaske, wani makunni ne kawai aka bari a kashe. Daga cikin sharuɗɗan da Microsoft ya gindaya akwai ram mai girman gigabait 4, da faifan ajiya mai gigabait 64, waɗanda kowace kwamfutar kirki ta wuce su nesa. Wanda ya fi kayar da mutane shi ne abin da ake kira TPM 2.0. Wannan wata 'yar ma'ajiyar makullai ce a cikin kwamfuta, inda ake ɓoye mabuɗan sirri yadda muguwar manhaja ba za ta kai hannu gare su da sauƙi ba. Mutane da yawa suna tsammani wani ƙarfe ne dabam da sai an saya an soka, har akwai waɗanda aka karɓi kuɗinsu a kan haka. Alhali kuwa a kayan zamani yana cikin furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ma can. Kamfanin Intel yana kiran nasa PTT, kamfanin AMD kuma fTPM. Abin da ake yi shi ne, da an kunna kwamfuta sai a danna Delete ko F2 a shiga shafin saiti na madabod, watau babban allon da sauran kaya ke hawa kansa, a nemi wannan suna a kunna, a ajiye, a fita. Aikin bai kai tsawon cin tuwo ba. Mai gyaran da ya ce sai an sake madabod saboda wannan, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa ya san shi fiye da kima.

Akwai kuma sharaɗin Secure Boot, wanda ke hana baƙuwar manhaja shiga gaban Windows lokacin tashi. Nan ne masu tsimi suke faɗawa rami. Don a rage kuɗi, sai a ciro tsohon faifan ajiya daga tsohuwar kwamfuta, da Windows ɗinsa da komai, a dasa a sabuwa. Sau da yawa tsohon faifan an tsara shi ne bisa tsohon tsari mai suna MBR, shi kuwa Secure Boot sai da sabon tsari mai suna GPT. In aka kunna shi da ƙarfi, kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, mai shago ya ɗora hannu a ka yana zaton takardun mutane sun tafi. Ba su tafi ba, amma garin neman gira ana iya rasa ido, domin a cikin ruɗewar ne wani zai ba da shawarar a goge faifan. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a fara kwashe takardu zuwa wani faifai na waje, a tabbata sun buɗu a wata kwamfutar, sa'an nan a sauko da Windows 11 daga shafin Microsoft kansa zuwa filashi mai gigabait 8, a ɗora ta sabuwa fil a kan sabon faifai. Saukowar tana cin data sama da gigabait 5, saboda haka a shirya mata.

Wani lokaci kuma sai an sabunta 'yar manhajar da ke cikin madabod ɗin kanta, wadda ake kira BIOS, kafin sabon furosesa ya zauna daidai. A nan mutumin Gombe yana da abin tsoron da mutumin Jamus ba shi da shi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki, madabod na iya mutuwa murus, a koma ana kallon akwati. Jama'ar Arewa maso Gabas ba su manta da watan Afrilu na 2024 ba, sa'ad da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wuta tsakanin Jos da Gombe, yankin ya yi makonni cikin duhu. Ko a ranar da wuta take lafiya ma ba a yi mata rantsuwa. Kada a fara wannan aiki sai a kan UPS mai batirin kirki ko inbata mai caji, kuma kada a dogara da janareton da ba a leƙa tankinsa ba.

Abu na biyu shi ne mai ɗaci, kuma shi ne ya fi yawa a kasuwa. Akwatin sabo ne, fankoki sababbi ne, fitilu sababbi ne, amma ƙwaƙwalwar da ke ciki ta girmi ɗan da ke aji shida na firamare. Windows 11, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, ba ta yarda da furosesan Intel da bai kai zubi na 8 ba, wanda ya fara fitowa a 2017, a gefen AMD kuwa sai daga Ryzen 2000 na 2018 zuwa sama. Mai sayarwa zai bugi ƙirji ya ce wa Alhaji ai wannan Core i7 ce, babu ta biyunta a layin. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Sunan Core i7 kamar sunan gidan sarauta ne, kaka yana amsa shi, jika ma yana amsa shi. Shekarun suna cikin lambar da ke biye. In an ga i7-3770, lambar farko 3 ce, zubi na uku ke nan, na 2012. In an ga i5-4570, zubi na huɗu ne, na 2013. Shi kuwa i5-8400 zubi na takwas ne, ya tsallake. Idan lambar ta kai biyar, biyun farko ake karantawa, watau i5-12400 zubi na 12 ne, na 2022. Core i3 na zubi na 12 ya fi Core i7 na zubi na uku gudu a aikin yau da kullum, ya fi shi ƙarancin shan wuta, ga shi kuma Windows 11 tana karɓarsa hannu biyu. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ta karatun lamba, da wuya a yi masa cinikin biri a sama.

Abin da ke ƙara rikitar da mai saye shi ne, madabod ɗin kansa yana iya zama sabo a kwalinsa da ledarsa. Akwai ƙananan masana'antu a ƙasar Sin da suke ƙera sababbin alluna don tsofaffin furosesa, masu lambobi irin su H61 da H81 da X79 da X99, a ɗora musu ƙwaƙwalwar da aka ciro daga kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka yar, har da nau'in Xeon na manyan injunan kamfanoni. Mai saye ya ga an yage leda a gabansa, ya tafi da yaƙinin sabon abu ya saya. Alama ɗaya da ke tona asiri ita ce ram. In aka ce DDR3 ce, to galibi tsohon zubi ne aka yi wa sabuwar riga, domin kayan da Windows 11 ke karɓa kusan duk DDR4 ko DDR5 suke ɗauka.

Adalci ya sa a faɗi cewa masu haɗawa ba duka ne macuta ba, kuma ba su suka kawo tsadar ba. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kayan kwamfuta kuwa duk da dala ake shigo da su. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Mai saye ya zo da kuɗin akuya yana neman saniya, mai haɗawa kuma ba ya so ciniki ya wuce shi. Tsohuwar ƙwaƙwalwa ta zubi na huɗu ma ba gawa ba ce, tana buga takarda tsaf. Laifin yana wajen ɓoye shekarunta da karɓar kuɗin sabuwa a kanta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai in an gaya masa rariya ce.

Shi ma Microsoft ba za a wanke shi tas ba. Kamfani ne da ya zauna a Amurka ya ja layi, ya ce duk abin da ke ƙasa da nan ya tsufa, alhali miliyoyin injuna suna aiki lafiya lau. A watan Disamba na 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan mataki. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda kaso mai yawa na irin wannan kaya yake dosa. Ƙasar da ta ga abin da ya faru a garin Koko a 1988, sa'ad da aka jibge gangunan guba daga Italiya a bayan gidan wani bawan Allah, ya kamata ta riƙa tambayar abin da ke cikin kwantena, ko da an rubuta masa sunan kayan aiki. Abin da ofishin Landan ya ƙi saboda ba ya ɗaukar Windows 11, shi ne zai iso kasuwar Ikeja da titin Beirut na Kano da araha mai daɗin ji, daga can kuma ya hau motar Gombe.

To, da rubutun ƙi ya fito, sai mai haɗawa ya ce wa mai shago ya kwantar da hankalinsa, akwai dabara. Dabarar kuwa akwai ta. Da wata 'yar manhaja ana iya shirya filashin da zai tsallake binciken TPM da na furosesa, Windows 11 ta hau, allo ya yi kyau, kowa ya watse. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Microsoft ya faɗa a fili cewa injin da aka ɗora wa ta wannan hanya ba shi da haƙƙin samun sabuntawa. Ko ya ci gaba da samun facin wata-wata, kowane fitowar Windows 11 ta gida da ta ƙananan 'yan kasuwa wata 24 ake kula da ita, sa'an nan a koma ta gaba, injin da aka yi wa dabara kuwa sau da yawa ba a miƙo masa ta gaban. Fitowar da ake kira 23H2 wa'adinta ya cika ran 11 ga watan Nuwamba, 2025. Akwai shagunan da ke zaune a kanta suna alfahari da Windows 11, ba su san sun koma gidan jiya ba. Wanda ya zaɓi wannan hanya da saninsa, ya kuma iya sake ɗorawa da hannunsa duk shekara, wannan ruwansa. Wanda aka yi wa ita a ɓoye aka karɓi kuɗinsa, an cuce shi.

Mafi muni ita ce dabara ta biyu, ta lasisi. Farashin da Microsoft ya sa wa Windows 11 ta gida dala 139 ne, wanda a canjin 2025 ya kai wajen naira 200,000, kusan albashi mafi ƙanƙanta na wata uku, tun da naira 70,000 aka tsayar a 2024. Ba abin mamaki ba ne da kusan kowane mai gyara yake yawo da filashi mai ɗauke da manhajar fasa lasisi. Abin lura shi ne, kafin a sa ta sai an kashe maigadin Windows, watau manhajar da ke kama ƙwayoyin cuta, domin in ba haka ba zai kama ta. Masu binciken tsaro sun sha samun manhajojin satar kalmar sirri a cushe cikin irin waɗannan. Ga mutum ya kashe dukiya don ya sami gida mai katanga, ranar tarewa kuma ya buɗe wa baƙon da bai san asalinsa ba ƙofar baya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Windows ɗin da aka sauko da ita daga shafin kamfanin tana aiki kuma tana samun facin tsaro ko kafin a biya lasisi, illa dai ɗan rubutun tuni da zai zauna a kusurwar allo da hana canza ado. Bashin lasisin yana nan a wuyan mai ita, amma zama da wannan rubutu har a sami kuɗi ya fi shigo da ɓarawo. Wanda kuma yake da lasisin Windows 10 na gaske a kan injin da ya cika sharuɗɗa, hawa 11 kyauta ne. Lasisin da ya zo manne da kwamfutar kamfani dai ba ya tashi ya bi mutum zuwa sabon madabod, mabuɗan Windows 7 da 8 kuwa an daina karɓarsu tun watan Satumba na 2023.

Saura wani tarko wanda bai cika bayyana ba sai bayan watanni. Lokacin ɗora Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft. Mai haɗawa yana sauri, mai shago kuma bai tuna kalmar sirrinsa ba, sai mai haɗawa ya shiga da nasa asusun don a wuce wurin. Tun daga fitowar 24H2 ta watan Oktoba na 2024, idan aka yi sabuwar ɗorawa aka shiga da asusu, Windows takan kulle faifan ajiya da kanta, ta aika mabuɗin buɗewa mai lambobi 48 zuwa cikin asusun da aka shiga da shi. Kullewar alheri ce, domin ɓarawon da ya fasa shago ya ɗauke akwati ba zai karanta takardun mutane ba. Amma ranar da aka sake madabod ko aka taɓa BIOS, shuɗin allo na iya fitowa yana neman lambobin nan 48. In suna asusun wani yaro da ya koma Abuja ya canza lambar waya, to takardun shekara guda sun zama kallon kitse ake wa rogo, kuma babu injiniyan da zai fasa. Lalle mai shago ya buɗe asusunsa da lambar wayarsa tun kafin ranar, ya shiga da hannunsa, ya kwafe lambobin a takarda ya ajiye tare da takardun gida.

Kada kuma a manta da tsofaffin abokan aiki. Firinta da sikana da na'urar ɗaukar zanen yatsa kowanne yana da 'yar manhajarsa da ake kira direba, kuma tsohon direba ba kullum yake yarda da sabuwar mota ba. A duba shafin kamfanin da ya ƙera su tun kafin a goge tsohuwar kwamfuta, a kuma ajiye direban intanet na sabon madabod a filashi, don yakan faru Windows ta nemi intanet alhali ba ta gane ƙofar da intanet ɗin zai shigo ba. Tun da ana cikin saiti, ba laifi a ƙara madannan Hausa, waɗanda ke nan cikin Windows kyauta. Abin kunya ne a buga katin ɗaurin aure a Gombe a rubuta kofa a wurin ƙofa, ko a mai da ɗa ya koma da, a kan injin da aka kashe wa dubban ɗaruruwa.

Wanda ya riga ya saya, ya karanta lambarsa ya ga zubi na huɗu ne, bai kamata ya zubar da ita ba. In kwamfuta biyu gare shi, sai ya raba musu aiki: tsohuwar ta tsaya ga buga takardu da zanen kati, a cire mata intanet ɗungum, a riƙa lura da filashin da ake soka mata, wadda ta cika sharuɗɗa kuma ita kaɗai za ta riƙa shiga shafukan rajista da na banki. Microsoft ya kuma buɗe shirin ƙarin wa'adin faci ga Windows 10, dala 30 ga mai amfanin gida ko kyauta bisa wasu sharuɗɗa, dala 61 ga kamfanoni a shekarar farko, wa'adin da ya sanar wa masu amfanin gida a 2025 kuwa shi ne 13 ga watan Oktoba, 2026. Jinkiri ne kawai, ba magani ba. Akwai kuma Linux, babbar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, wadda kyauta ce, ba ta neman lasisi, tana kuma tafiya sumul a kan injunan da Windows 11 ta raina. Nau'inta mai suna Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, yana da fitowar da ake kula da ita shekara biyar. Don shiga intanet da cika fom da buga wasiƙa ta wadatar. Inda take gazawa ga mai shago shi ne CorelDraw, wanda da shi ake zanen katin biki da kalandar 'yan siyasa, ba ya hawa kanta kai tsaye, kuma sai yaron shago ya yi haƙurin koyon sabon wuri.

Wanda bai saya ba tukuna shi ne mai sa'a. Ya sa a rubuta masa cikakkiyar lambar furosesa da ta madabod da nau'in ram a kan rasit, ba Core i7 kawai ba. Ranar karɓa ya sa a kwance gilashin gefe a gabansa, a kunna injin, a danna madannin Windows tare da R, a rubuta msinfo32, ya gwada lambar da ta fito da wadda ke rasit. A sake rubuta tpm.msc, ya ga 2.0 da idonsa. In ya ga dama ya tafi da filashinsa da ya sauko da Windows a kai da kansa, ya ce da wannan za a ɗora. Mai haɗawa na kirki ba zai ɓata rai ba, zai ma jawo masa kujera. Sauran kuɗin kuwa ya zauna a aljihu har sai firintar shagon ta fitar da shafin gwaji.